BATURE MAI MAGANI: ABIN DA RAYUWAR LIKITA STIRRETT TAKE KOYA MANA

Karatu: Ibraniyawa 13:7-8, Yohanna 4:35-38

  

Marubucin wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ya gargaɗe mu kada mu manta da waɗanda suka riga mu, waɗanda ta bakinsu Maganar Allah ta iso gare mu. Ya ce mu lura da yadda suka ƙare tafiyarsu, mu bi sawunsu cikin bangaskiya. Yau ina so mu yi biyayya da wannan gargaɗi, mu dubi rayuwar wani mai wa'azi wanda kakanninmu suka sa wa suna Bature Mai Magani.

Ga abin da ya sa na ɗauko labarinsa. Kwanakin baya wani matashi mai bishara ya zo gidana da yamma. Shekararsa huɗu ke nan yana aiki a wani ƙauye. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, sai ya ce, "Baba Fasto, na gaji. Ran Lahadi mu tara ne a sujada, har da ni da matata da yaranmu biyu. Waɗanda muka gama makaranta tare suna birni, majami'unsu sun cika har ana zama a waje. Anya Allah ne ya kira ni?" Na ce masa, "Ɗana, gyara zama, in ba ka labarin wani mutum." Labarin kuwa na fara karanta shi ne tun ina ɗalibi a kwalejin tauhidi, cikin wani tsohon littafin Turanci da Douglas Percy ya rubuta. Na sha komawa gare shi a lokatan da ni ma zuciyata ta yi sanyi.

KABURBURA BIYU

Ranar 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Nufinsu shi ne su kai bishara ƙasar da Turawa suke kira Sudan a wancan zamani. Ba ƙasar Sudan ta yau ake nufi ba, ana nufin dukan yankin da ke kudu da Sahara, tun daga Senegal har zuwa kogin Nilu, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. Ba su da wata babbar ƙungiya a bayansu, ba su kuma da kuɗin kirki.

Bingham ya kwanta ciwo, aka bar shi a Legas. Sauran biyun suka nufo Arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare duka biyun sun rasu, Gowans a Girku, kudu da Zariya, Kent kuwa a Bida. Bingham ya koma gida shi kaɗai. Ya sāke gwadawa a shekarar 1900, zazzaɓi ya sāke mayar da shi. Sai a karo na uku ne ƙungiyar, wadda daga baya aka sani da suna SIM, ta sami wurin zama a Patigi, cikin ƙasar Nufe, a shekarar 1902. Wato shekara tara ana fama, abin da za a iya nunawa kaburbura ne da bukkoki kaɗan a bakin kogin Kwara.

MAI SAYAR DA MAGANI

An haifi Andrew Park Stirrett a lardin Ontario na ƙasar Kanada a shekarar 1865. Ya koyi aikin haɗa magani, ya buɗe kasuwancinsa a birnin Toronto, Allah kuwa ya sa wa abin albarka har ya tara dukiya. Ya kuma shiga karatun likita. Ana nan sai wata 'yar takarda da Bingham ya rubuta a kan bukatar ƙasar Sudan ta faɗo hannunsa. Daga ranar bai ƙara samun sukuni ba.

Da ya nemi a aike shi, shugabannin mishan suka yi jinkiri. Shekararsa 37, a ganinsu ya yi girma da koyon sabon harshe da jure zafin Afirka. Stirrett bai tsaya jayayya da su ba. Ya miƙa wa mishan dukiyarsa, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila. A birnin Libaful ya ƙara ilimi a kan cututtukan ƙasashe masu zafi, sa'an nan ya wuto Nijeriya, ya iso Patigi a ƙarshen 1902. Gwaji aka ce za a yi masa. Gwajin nan ya kai shekara 46.

Zuwansa ya dace da wani muhimmin lokaci. A shekarar 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne yake ɗaukar zazzaɓin da ya hallaka 'yan mishan da yawa. Stirrett ya riƙe wannan ilimi da hannu biyu. Ya matsa wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kowace rana ba fashi. Wani zai ce, ina ruwan wa'azi da kwinin? To, wanda ya mutu cikin shekararsa ta fari ba zai koyi Hausa ba, balle ya yi wa'azi da ita. Allahn da ya ba mu addu'a shi ne ya ba mu magani. Ina faɗin wannan saboda 'yan'uwanmu da suke barin yaro yana fama da zazzaɓi kwana uku ba a kai shi asibiti ba, wai ana jiran al'ajibi. Mutumin da muke magana a kansa mai addu'a ne ƙwarai, shi ne kuma ya fi kowa tsanani a kan shan magani.

ƘOFAR DA KE RUFE

Tun farkon zuwansa zuciyar Stirrett tana kan Hausawa. Amma hanyar shiga manyan biranen Hausa a rufe take.

Shekara biyu kafin zuwansa, wato a 1900, Bishop Tugwell na CMS da abokansa huɗu, cikinsu har da Likita Mila, sun taka har Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A shekarar 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Waɗansu sun zaci yanzu hanya ta buɗe wa mishan, sai abin ya zama akasin haka. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin mutane ba, razdanan da suka biyo bayansa kuwa suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar mishan ta kafa tasha cikin ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Likita Mila ya sami zama a birnin Zariya daga 1905, har aka koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. Amma ga SIM, Kano da Katsina da Sakkwato sun kasance a rufe wajen shekara talatin.

Ya kamata matasanmu su san wannan. Sau da yawa za ka ji ana cewa gwamnatin Turawa ce ta kawo bishara ƙasar Hausa. Gaskiya ne 'yan mishan sun bi hanyoyin da mulkin Turawa ya share, sun kuma zauna ƙarƙashin inuwarsa. Amma a nan Arewa mai nisa, gwamnatin nan ita ce ta tsare ƙofa.

To, me mutum zai yi idan ya tabbata Allah ya kira shi zuwa ga wata al'umma, amma aka hana shi shiga gidansu? Littafin Ayyukan Manzanni sura 16 ya nuna mana Bulus ma an taɓa hana shi shiga Asiya. Bai zauna yana gunaguni ba, ya bi ta inda aka buɗe masa. Haka Stirrett ya yi.

ZANGO DA KASUWA

A shekarar 1904 aka buɗe tashar mishan a Wushishi, kusa da Zungeru inda hedkwatar Lugga take. Wushishi tana kan hanyar fatake. Ayarin Hausawa suna gangarowa daga Arewa da kanwa da fata da tufafin rini, su komo da goro da kayan Kudu. Idan rana ta yi sanyi sai su sauke kaya a zango, su ɗaure jakuna, su hura wuta. Stirrett ya lura cewa mutanen da aka hana shi zuwa garuruwansu, ga su Allah yana kawo masa su har ƙofa. Sai ya mai da zango majami'arsa. Da rana ya duba marasa lafiya, da yamma ya tafi wurin fatake ya yi musu wa'azi. Gobe waɗannan su tashi, waɗansu su sauka. Mutumin da ya ji shi a daren nan, watakila bayan mako uku yana Kano ko Katsina ko Damagaram, yana ba da labarin wani ɗan gajeren Bature mai ba da magani, mai maganar Isa Almasihu da Hausa.

Da hedkwatar SIM ta koma Jos cikin shekarun 1920, ya ci gaba da wannan hali. Haƙar kuza ta tara Hausawa da yawa a Jos, 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa da mahauta. Stirrett yakan tafi kasuwa kullum. Da yake ba shi da tsawo, yakan hau kan dutse, ya ɗaga hoto domin mutane su gani, ya yi magana. Bai taɓa yin aure ba. Yakan tashi tun ƙarfe huɗu saura kwata na asuba domin addu'a, ya riƙe wannan al'ada har tsufansa.

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ƙiyasta cewa ya yi wa'azi wajen sau 20,000, mutane kuma wajen miliyan ɗaya da rabi suka ji shi. Da na fara karanta wannan sai na ce, kai, wannan babban mai taro ne. Daga baya na ɗauki fensir na yi lissafi. Shekara 46 ba ta kai kwana 17,000 ba. Ashe ke nan ya yi wa'azi fiye da sau ɗaya a kowace rana ta zamansa, in aka haɗa har da kwanakin ciwo da na tafiya. Idan kuma ka raba miliyan ɗaya da rabi gida 20,000, za ka sami mutum 75. Wato ba filin wasa yake cikawa ba. Billy Graham ya zo Nijeriya a 1960, ya yi wa dubban mutane wa'azi a Kaduna da Jos cikin 'yan kwanaki, mun kuma gode wa Allah dominsa. Amma miliyan ɗaya da rabi na Stirrett, kaɗan kaɗan aka tara su, yau mutum ashirin a gindin bishiya, gobe ɗari a kasuwa. Yawancinsu kuwa matafiya ne, bai ƙara ganinsu ba, bai yi musu baftisma ba, bai rubuta sunansu cikin littafin ikkilisiya ba. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

LITTAFIN DA YA SHIGA INDA MUTUM BAI SHIGA BA

Akwai aiki na biyu da ya yi cikin shekarun jira. Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Likita Mila ne ya ɗauki mafi nauyin aikin, tare da Hausawan da suka zauna da shi suna auna kowace kalma, aka kuma haɗa kai da mishan dabam dabam. A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, daga Farawa har Wahayi. Shi ne tsofaffinmu suka haddace ayoyinsa, shi ya sa har yanzu idan dattijo yana addu'a za ka ji Hausarsa ta ɗan bambanta da ta fassarar da aka yi daga baya. Stirrett ya kuma rubuta waƙoƙin sujada da yawa da Hausa.

Ku duba hikimar Allah. Razdan yana iya hana Bature gina ɗaki a Kano, amma ba ya iya binciken jakar kowane matafiyi. Littafin ya zama abin da ya haɗa Batangale da Bajju da Angas da Bahaushe cikin sujada ɗaya, domin kowa yana jin Hausa.

ƘOFA TA BUƊE

Cikin shekarun 1930 al'amura suka sauya. Aka ba SIM izinin zama a Garko cikin ƙasar Kano. Sa'an nan gwamnati da hukumomin En'e suka rasa wanda zai kula da masu fama da cutar kuturta, sai aka danƙa wa mishan asibitocin Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har yanzu mutane suke zuwa daga nesa. Cikin wannan zamani ne mishan ta iso nan Roni, cikin masarautar Kazaure, har aka yi makarantar yara maza.

Ku lura da irin ƙofar da Allah ya buɗe. Ta wurin marasa lafiya ya buɗe ta, waɗanda mutane suke ƙyama, har danginsu sukan ware musu ƙwarya. Waɗansu daga cikin waɗanda suka warke a asibitocin nan suka koyi karatu, suka koma garuruwansu da bangaskiya.

A lokacin Stirrett ya kai shekara saba'in. Sabbin tasoshin, matasa ne suka riƙe su. Ya rasu a Jos a shekarar 1948, yana da shekara 82. Shekara shida bayan rasuwarsa, a 1954, aka kafa ECWA, ikkilisiyar 'yan ƙasa mai shugabanninta. Bai ga wannan da idonsa ba. Abin da Ubangiji ya gaya wa almajiransa a Yohanna sura 4 ya cika a kansa: mai shuka dabam, mai girbi dabam, amma farin cikinsu ɗaya ne.

SUNAYEN DA BA A RUBUTA BA

Dole in faɗi wani abu da ya dame ni game da irin waɗannan littattafai. Turawa ne suka rubuta su, domin Turawa su karanta. Sunan Bature yana kowane shafi. Amma wa ya koya wa Stirrett Hausa? Wa ya ɗauki akwatin maganinsa a kā? Wa ya zauna a ƙauye bayan Bature ya tafi hutu ƙasarsu? Wane ne ya fara karɓar bangaskiya a gidanku, aka hana shi gado ko aka ƙwace masa mata, ya jure? Masu bishara baƙar fata da suka taso daga wurare kamar ƙasar Tangale da kudancin Zariya, suka zo suka zauna cikin ƙauyukan Kano da Katsina, suna noma da hannunsu suna koyar da karatu, su ne suka ɗauki yawancin nauyin. Ibraniyawa 13:7 ta shafe su kamar yadda ta shafi Stirrett.

Saboda haka ina roƙon kowace ikkilisiya a yankinmu, ku sayi littafin rubutu guda. Matasa biyu su je wurin dattawa da tsofaffin zumuntar mata, su tambaye su: wa ya fara kawo bishara garin nan? A gidan wa aka fara sujada? Su wa aka fara yi wa baftisma, a wane ruwa? Ku rubuta tun waɗanda suka sani suna da rai. Duk tsohon da muka binne ba mu tambaye shi ba, mun binne shi da wani sashi na tarihinmu.

ABIN DA NA GAYA WA MATASHIN

Da na gama labarin, abu uku na gaya wa ɗana mai bishara, ina kuma gaya muku su.

Na ɗaya, kada ka auna kiran Allah da yawan kawunan da ka ƙirga ran Lahadi. Da haka ake aunawa, da Gowans da Kent sun mutu a banza, da Stirrett ya tattara kayansa tun yana Wushishi. Abin da ake nema a wurin bawa shi ne aminci. Girman amfanin gona yana hannun Mai gonar.

Na biyu, nemi zangonka. Idan mutane ba su zo majami'a ba, ina suke taruwa? Suna kasuwa, suna bakin rijiya, suna gidan makoki, suna gayyar noma. Ka je ka gaishe su, ka yi musu jaje, ka kama musu aiki. Mu nan muna zaune da 'yan'uwa Musulmi, waɗansu ma cikinmu ɗaya da su. Manzo Bitrus ya koya mana mu ba da dalilin begenmu da tawali'u da ladabi. Ba a aiko mu mu zagi addinin kowa ba. Tun kafin mutane su san Stirrett da wa'azi, sun san shi da magani, sunan da suka ba shi ke nan. Wane suna mutanen ƙauyenka suka ba ka?

Na uku, kada ka bar addu'ar asuba. Mutum ba ya ɗaukar irin wannan kaya shekara arba'in da ƙarfin kansa.

Yanzu kuma gare ku, dattawan ikkilisiya da masubi na gari. Ba daidai ba ne mu gaya wa mai bishara ya yi haƙuri, alhali wata uku ba mu aika masa da ɗan abin da muka yi alkawari ba. Gajiyar matashin nan, rabinta yunwa ce da kuɗin makarantar yara. Stirrett ya ba da dukan abin da ya mallaka domin bishara ta iso wurin mutanen da bai taɓa gani ba. Mu da muka ci amfanin, ba za mu iya ware damin gero ko tiyar wake a lokacin kaka domin wanda yake ƙauye a madadinmu ba? Ku kai masa ziyara. Ku yi sujada tare da mutum taran nan wata Lahadi, domin su san ba su kaɗai ba ne.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na Sama, mun gode maka saboda bayinka da suka shuka da hawaye, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka ƙarfafa masu bishara da suke ƙauyuka, su da iyalansu. Ka gafarta mana inda muka manta da su. Ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ka sa halinmu ya riga bakinmu yin shaida. Ka riƙe mu da aminci har ranar da mai shuka da mai girbi za su tsaya tare a gabanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.